Keken Da Na Wanke Shekara Bakwai

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Yaya ruwa, yaya zafin ɗakin inji, yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in kun daɗe ba ku sauka tudu ba? Mu nan sai godiya. Ɗakin wanki yana nan yadda ka san shi, sai dai asibitin ya ƙara gadaje, zannuwa sun ninka, injinan kuwa su ne dai ukun nan.

Ka ce a waya saura wata uku ka dawo gida, bayan shekara bakwai. Ka ji yadda murna ta hana ni magana. Amma akwai wata maganar da na ɗauko sau uku in faɗa maka, sau uku ina fasawa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar kekenka ce, koren nan na hawan dutse mai faffaɗar taya. Ranar da za ka tafi ka turo shi har ɗakina, ka jingine shi bayan ƙofa, ka ce, "Yaya, na bar miki keken nan." Na ce Allah ya ba ni ikon riƙewa. Allah ne shaidata, tun daga ranar ban yi wasa da shi ba. Duk Asabar nakan fito da shi bakin famfo in wanke shi da sabulu, in sa masa tiyo har kumfa ta fita tas, in goge, sannan in rufe shi da leda mai kauri in ɗaure bakinta don kada ƙura ta shiga. Maƙwabciyata ta sama har tsiya take min, wai ko jariran asibitinmu ba sa samun wankan da keken nan ke samu.

Da na ji za ka dawo, sai na tura shi wurin mai gyaran keke na kan kwana, don a sa masa iska a duba birki, ka zo ka tarar da shi a shirye. Mutumin ya yaba shi ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin fenti mai shekaru haka yana ɗaukar ido ba. Sai ya zare sirdin, ya kifa keken. Dogo, wani jan ruwa ne ya tsiyayo, kamar shayin da ya kwana. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa bututun da ke riƙe sirdi tun daga sama, yana saurare, har ya kai ƙasa inda ya haɗu da gidan feda. A nan ya danna babban yatsansa, wurin ya burma kamar ɓawon ƙwai.

Ya ɗago ya ce, "Malama, a rijiya kike ajiye shi?"

Na gaya masa yadda nake yi. Ya ce, "Duk Asabar? Da tiyo?" Na ce e. Ya ce, "Kuma ki ɗaure shi a leda?" Na ce e. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya ce keken ƙarfe ne, ba irin na alminiyam ba. Ruwa ya riƙa shiga bututun yana taruwa, ledar ta hana shi bushewa, tsatsa ta yi ta ci daga ciki, fenti yana ƙyalli a waje. Garin gyaran gira na tsone ido.

Saura wadda ta fi min nauyi. Mai fentin mota da ke maƙwabtaka da shi yana jin mu. Ya ce in kawo, zai cike ramin da ƙullun da suke cike jikin mota, ya fesa kore, ko wanda ya ƙera shi ba zai gane ba. Dogo, na ce masa to. Kwana biyu na yi da wannan "to" ɗin a bakina. In na tayar da salla sai in gan ka kana gangarowa daga kan tudu da gudu, ƙarfen ya rabu biyu a ƙarƙashinka. Rana ta uku, kafin in wuce aiki, na je na janye maganata.

Ka ba ni amana na ɓata ta da hannuna, na kuma kusa rufe ɓarnar da abin da zai iya halaka ka. Ka yafe min duka biyun, in za ka iya.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa irin ta ƙane ga babbar yaya, da durƙuso har ƙasa, duk da kin san in na durƙusa sai an kawo injin ɗaga kaya kafin in miƙe. Ƙafa da sauƙi. Wasiƙarki ta same ni a tashar da muka tsaya ɗaukar kaya.

Da farko dariya na yi, har kukun jirgi ya leƙo ya ga ko na zare. Tiyo, Yaya! Keke ne ko zanin gadon majiyyaci? Da an bar ki da jirgin nan namu, da tuni kin wanke shi ya nutse.

Da dariyar ta lafa sai na sake karantawa daga farko, ina neman wurin da kika ce kin hau shi. Na karanta sau uku. Ban gani ba.

Yaya, ba ki taɓa hawa ba? Ko sau ɗaya?

Don Allah ki tuna tsayina. Don me ake ce min Dogo? Keken nan in na hau shi gwiwata har dukan kansa take yi. Shekara guda na yi ina yawo a kansa a takure kamar zalɓe a kan akwati, abokaina suna min dariya. Kin zaci ban san girman da ya dace da ni ba, ni da nake auna ƙarfe da ido? Naki ne tun ranar da na fito da shi daga shago. Na ƙarfe na zaɓa, don ƙarfe yana da haƙuri, yana shanye girgizar hanya kafin ta kai ga bayan mutum. Na ɗauki mai shoka a gaba kawai, baya babu, don kada ki sami abin da zai riƙa lalacewa yana kai ki wurin masu gyara. Na riƙe shi shekarar nan ne wai ina gwada shi. Gaskiyar ita ce na rasa ta inda zan fara, don na san ki: in na ce kyauta ce za ki ce me za ki yi da shi, in kai wa mai buƙata.

Ke kika koya min keke a kan na Baba. Gangaren nan mai duwatsu na bayan tankin ruwa, duk unguwa ke kaɗai ke sauka ba ki taɓa birki ba. Baba ya tsaya a sama yana salati yana cewa sai ya karya keken, amma da ya koma shago ya ishi abokansa da labarin 'yarsa. Ba wanda ya hana ki, ko shi ko Inna. Wata rana dai kawai kika daina. Da mai gidanki ya rasu, Allah ya jiƙansa, na ga kin koma daga ɗakin wanki sai ɗakinki, daga ɗakinki sai ɗakin wanki. Na ce bari in bar mata abin da zai fitar da ita.

Na ce na bar miki. Kika ce Allah ya ba ki ikon riƙewa. Na zaci irin godiyarki ce ta malamai.

Kuma duk sanda na kira na ce "Yaya keke?" sai ki ce, "Yana nan kamar sabo, duk Asabar muna tare." Kin san abin da nake gani in kin faɗi haka? Ina ƙarƙashin jirgi, ba taga, mai har gwiwar hannu, sai in ce yau Asabar, yanzu Yaya tana kan tudu iska na dukanta. Ba mutumin da ke jirgin nan da bai san labarin yayata mai keken dutse ba. Har hoto suke tambayata, ina cewa ba ta son hoto.

Maganar tsatsa da ta mai fenti ki bar su, ban riƙe ki da komai ba. Keken ma ban damu da shi ba. Asabar ɗin nan ne ke min ciwo, ban san inda zan kai su ba yanzu.

Ki gai da maƙwabciyarki, ki ce ta yi gaskiya.

Naki,
Dogo.

*

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma neman afuwar jinkiri. Kwana goma sha biyu wasiƙarka ta yi a aljihun rigar aikina, har gefenta ya yi laushi saboda tururi.

Amsar da na fara rubutawa na yaga ta, amma bari ka ji abin da ke ciki. Na ce a makarantar allo Malam ya koya mana cewa abin da aka bari a hannunka ajiya ne, har sai mai shi ya buɗe baki ya ce kyauta. Na ce a wurin aikina ma haka muke: in an tsinci zobe ko carbi a cikin zanin gado, a ambulan nake sa shi in rubuta lambar gadon, ko zai shekara ba a zo nema ba. Na ce "na bar miki" baki biyu gare ta, kai kuma ba ka ce wanne kake nufi ba. Duk wannan gaskiya ne. Na yaga ta ne don ba ita ce duka gaskiyar ba.

Washegarin tafiyarka na tsaya kusa da keken zan share bayan ƙofa, sai na ga sirdin daidai ƙuguna. Na san ba haka kake hawansa ba, na sha ganin sirdin a can sama kamar tuta. Ka sauke shi ne kafin ka kawo. Na gani, Dogo, na kuma gane.

Na rufe ƙofa na sa sakata, ni kaɗai a ɗaki kamar mai shirin sata. Na tattare zanina na ɗora ƙafa na zauna, hannu ɗaya a bango. Ɗaya hannun da kansa ya sami birki. Ƙirjina ya riƙa bugawa irin bugun da rabona da shi tun ina 'yar sha huɗu. Sai tsoro ya kama ni. Na ce matar da mijinta bai daɗe da rasuwa ba, mai shekara arba'in da shida, mai mutum tara a ƙarƙashinta a wurin aiki, a gan ta a titi tana tuƙa keke? Na ce in na faɗi fa, wa zai ɗaga ni? Amma wanda ya fi su duka shi ne yadda na ji ina son abin. Na saba da rashin son komai, ya zame min kwanciyar hankali.

Na sauka. Na buɗe maƙullin sirdin na ja shi sama, har zoben da ya kwanta a jikin ƙarfen ya fito, wurin da kake ɗaure shi. Na ga wani baƙin maiƙo a jikinsa, na sa tsumma na goge shi tas, a zatona datti ne. Na ce wa raina, ajiyar Dogo ce, ba a hawa ajiya. Shekara bakwai ina faɗin haka, har ni ma na yarda. Mai gyara ya ce baƙin maiƙon nan giris ne, shi ke toshe bakin bututun. Tun ranar da na goge shi ruwa ya sami ƙofa.

To ka ji. Ba rashin fahimta ba ne kaɗai. Na lulluɓa da amana ne don kada a ga tsorona, ni da nake yi wa ma'aikatana wa'azin gaskiya a kan ƙidayar tawul.

Da nake ce maka duk Asabar muna tare, na san yadda za ka ji ta. Na auna ta ne yadda ba za ta zama ƙarya ba. Allah ya yafe min wannan awon.

Yanzu shekarata hamsin da uku. Tsayuwar shekara talatin a gaban injin guga ta cinye min gwiwar dama, likitan ƙashi na hawa na biyu ya ce ko matakala in riƙa bi a hankali. Wataƙila ma na manta yadda ake yi.

Keken yana wurin mai gyara. Na roƙe shi ya rubuto maka da kansa, don kada in juya bayaninsa. Abin da ka ce a yi da shi, shi za a yi.

Ka huta lafiya.

Yayarka.

*

Malam Dogo,

Salamu alaikum, ya aiki, ya ruwa. Ni ne mai gyaran keke na kan kwana. Ka san ni, ni na ɗaura maka sarƙa shekarun baya, har na ce maka keken nan ya yi maka kaɗan ka ce ina ruwana. Rubutu ba sana'ata ba ce, ka yi haƙuri da hannun.

Ga yadda abin yake. Shoka lafiya, giya lafiya, birki sai sabuwar waya, tayoyi sun tsattsage don zama. Bututun sirdi ya tafi daga ƙasa, kamar faɗin yatsa huɗu. Sauran jikin na ƙwanƙwasa ko'ina, yana amsawa da kyau. Da na alminiyam ne ya tsage haka, da sai in ce a kai bola. Amma ƙarfe ne, yana karɓar wuta. Akwai mai walda da na yarda da hannunsa, zai yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabo.

Sai dai in gaya maka tsakani da Allah: bayan an yi, zai yi hanya mai laushi, zai je kasuwa ya dawo har ya gaji da mai shi. Gangaren dutse kuwa ya gama. Ba zan sa hannuna a ce mutum ya sauko daga tudu a kansa ba.

Yanzu ga inda na maƙale. Yayarka ta ce ba za a kusantar da wuta jikinsa ba sai da izinin mai shi. Na ce wane ne mai shi? Ta ce a tambaye ka. Kullum ta taso aiki sai ta biyo ta zauna a bencina, tana kallonsa a rataye. Shekaranjiya na ce mata ga wani na mata an kawo gyara, ta ɗan zaga da shi bayan shago, ba kowa. Ta ce da izinin wa? Na ce mai shi sai jibi zai zo. Ta kalle ni, wallahi sai da na ji kamar na ci naman kare.

Shekara ashirin da shida ina gyaran keke. Na ga keken da ganganci ya kashe, na ga wanda sakaci ya kashe. Wannan ne na farko da tsafta ta kashe.

Ka yi magana da wuri, ya tare min ƙugiya.

Na gode.
Mai gyara.

*

Yaya,

Salam. Na ga taki, na ga ta mai gyara. Gobe za mu tashi, sai kuma tashar ƙarshe, don haka a tsaye nake rubutu.

Kin ɗauki laifin duka kin ɗora wa kanki, kamar yadda kika saba cinye aikin mutum uku. Ki rage min nawa. Na sauke sirdi na gudu, don kada in tsaya ki ce a'a a gabana. Shekara bakwai ina tambayar "Yaya keke?" ban taɓa cewa "Ina kika je da shi?" ba. Kin san dalili? Ina jin ni ma na yi zargin amsar, na fi son hoton da ke kaina. Ashe gado ne a gidanmu, auna magana.

To yau ba awo. Ki karanta da kyau, ki kai wa Malam ya duba in kina so. Ni, ƙanenki, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na ba ki koren keken nan kyauta, halak malak, da tsatsarsa da raminsa. Ba aro ba, ba ajiya ba. Kuku da mai kula da inji na biyu sun shaida, ga hannunsu a ƙasa.

Saboda haka ba ni da izinin da zan ba mai gyara. Ya tambayi mai shi. In ta ce a gyara, a gyara. In ta ce a bar shi a ƙugiya, ba zan ƙara ta da maganar ba har abada.

Sai na zo.

Dogo.

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Na karɓa, na gode. Allah ya saka da alheri, ya saka wa shaidunka.

Na ce a gyara. An gyara. Wurin ɗinkin waldar baƙi ne, mai gyara ya ce a fesa masa kore na ce a bari.

Jiya bayan an tashi aiki na tura shi filin shanya na bayan ɗakin wanki. Na hau, daga bakin tukunyar tururi zuwa ƙaramin get, na je na dawo. Da na juya zan sake, gwiwar ta ƙi. Yau a kumbure take, sai da na dogara sanda na je aiki. Likita ya yi faɗa, ya ce in ina son ƙafar kada in ƙara.

Na zauna a kan bokiti a tsakanin zannuwa na yi kuka, ba don gwiwar ba. Ko tangaɗi ban yi ba, Dogo. Ashe ban manta ba. Da na manta, da ya fi min sauƙi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka.